Shafukan da Na Ɓoye wa Uwar Mijina

Shekara goma sha huɗu na zauna gida ɗaya da uwar mijina a Kankia, a bakwai ɗin ƙarshe ni nake yi mata rubutu. Idanunta sun tafi ne a hankali, na dama ya fara, na hagu ya bi shi, har ta kai ba ta bambance komai sai hasken ƙofa. Ni malamar firamare ce, rubutuna kuma yana karantuwa, don haka ba a ma yi shawara ba. Ran nan kawai ta miƙo mini bironta ta ce, "Ɗiyata, karɓi. Daga yau ke ce hannuna."

Mama muke ce mata, mu da duk wanda ya san ta. An haife ta a wani ɗan ƙauye tsakanin Kankia da Kusada, inda Hausawa Kirista suke da 'yan gidaje a tsakiyar ƙauyukan Musulmi. Iyayenta ba su yi salla ba, ba su yi coci ba, al'adar kakanni suka bi har suka mutu. Ita ce ta fara karɓar bishara a gidansu, tana budurwa, a hannun wata ma'aikaciyar ɗakin shan magani da ta koya mata karatu. Tun daga nan ba ta ajiye alƙalami ba. Ƙananan littattafai take rubutawa da Hausa, irin waɗanda za su shiga aljihu: na renon jarirai, na tsabtar ruwan sha, na zaman macen da mijinta ya rasu, na addu'a. A Kano ake buga su. Matan zumunta na coci-coci suna karanta su a taronsu har Malumfashi da Funtuwa. Na renon jarirai kuwa ya fi ƙarfin coci, na sha ganin matan malamai sun aiko a karɓo musu.

Amma ba littattafan ne suka sa ake sassauta murya in ta shigo wuri ba. Ana nuna mata abu. Mutane ne suke ce masa wahayi, ita iyakarta ta ce, "An nuna mini." Kuma ba a barci yake zuwa mata ba. Da rana tsaka, tana cikin aiki, sai ta tsaya cak, ido buɗe ba ƙiftawa, hannuwanta su yi sanyi kamar an tsamo su daga randa. Tun kafin a auro ni ta taɓa sawa an rufe wata rijiya a ƙauyensu, ta ce ta ga gawarwaki jere a bakinta. Dattawa suka rufe don kunyarta. A daminar nan amai da gudawa ya shiga ƙauyukan kewaye, nasu bai rasa kowa ba. Ni labari na ji, kuma gaskiya ban ɗauke shi da nauyi ba. Na yi karatu. A ganina duk wanda ya san tsabta zai iya cewa a rufe rijiyar da ke kusa da juji.

Kullum in na taso daga makaranta na sauke tukunya, sai mu zauna gindin darbejiyar tsakar gida. Ta faɗa, in rubuta a littafi irin na ɗalibaina. In shafi ya cika sai ta ce, "Karanto mini." Kunnenta ba ya barin komai. In na sa "amma" inda ta ce "sai dai", za ta ɗaga yatsa, ba za ta sauke ba sai na gyara.

Abin da nake son in ba da labarinsa ya faru ne da kaka, mun je ƙauyen. Mijina yana da babbar gona can bayan rafi, shi ne kuma dattawan ikilisiya suka ɗora wa kula da ginin sabuwar majami'a, don tsohuwar ta ƙasa ce, ta fara tsagewa. An kai ginin bisa taga. Muna zaune mu mata a inuwar rumbu muna ɓarar gyaɗa, Mama na tsakiya da ƙwarya a cinya tana ba mu labarin yadda ta koyi hawan keke, ana ta dariya, sai maganar ta yanke a tsakiya. Na ɗago. Idanun nan da ba sa gani suna bin wani abu daga yamma zuwa gabas, kamar mai kallon wucewar ayari. Ƙwaryar ta zame, gyaɗa ta watse, kaji suka taso mata, ba wadda ta iya korar su. Na taɓa hannunta. Sanyin da ake ba ni labari, ranar na ji shi.

Ta daɗe a haka, har inuwar rumbun ta gusa ta bar ƙafafunta a rana. Da ta dawo ba ta yi wa kowa magana ba sai ni.

"Kin zo da littafin?"

Na ce yana Kankia.

"To a nemo mana mai babur, mu koma."

Kwana uku muka yi tana faɗa ina rubutawa. Ta ce an nuna mata ƙauyen da hantsi, gero ya nuna a tsaye har ya fara zubewa, ba mai yanka. Ƙofofi a buɗe. Tukunya a kan murhu, tuwon ciki ya bushe ya tsage. Awaki kwance a cikin sabuwar majami'a, an gama ta, an rufa mata kwano. Ta ce ta bi hanya zuwa ƙauyen maƙwabta ta tarar da masallacinsu haka, butoci a jere, gara ta ci tabarmi. Ta je rugar Fulani ta ga turaka ba shanu. Ta ga mutane a hanyar Kusada da kaya a ka, ba mai waiwaye. Sa'an nan ta faɗi abin da ya fi komai nauyi. Ta kira ƙauyen da sunansa. Ta ce a dakatar da ginin, a bar noman gonakin bayan rafi, duk mai dangi a gari ya fara kai mata da yara. Ta ce kada kowa ya ɗauka abin na addini ne, don mai zuwan ba ya tambayar mutum yadda yake addu'a.

Na ajiye biro na ce, "Mama, wa zai zo?"

"Ba a nuna mini fuska ba. Ƙarar babura na ji, da yawa."

A lokacin muna jin labarin 'yan bindiga, amma a rediyo, can yamma wajen manyan dazuzzuka. Mu wajenmu mace za ta tashi ita kaɗai daga Kunduru ta je kasuwa ta dawo ba abin da zai same ta.

Mijina ya ga littafin a kan tebur ya karanta. Ya same ni a madafa ina tsame wake, ya tsaya bakin ƙofa da shi a hannu.

"Malama, wannan ba zai fita ba."

Na ce maganarta ce, ba tawa ba.

"Na sani. Ni ta haifa. Amma ki duba, mata sun ɗebo yashin ginin nan a ka tun daga rafi. Tsofaffi sun buga bulo da hannunsu. In aka karanta wannan a coci-coci, wa zai ƙara ɗora ko ɗaya? Bar wannan ma. In ya faɗa hannun wanda ba ya ƙaunarmu, ya ga Kirista ta rubuta masallaci ba kowa a ciki, mi kike tsammani zai ce? Cewa zai yi fata muke yi musu."

Wannan ta biyun ce ta kama ni. Mu 'yan kaɗan ne, zaman lafiyarmu da maƙwabta kuma shi ne duk abin da muke da shi. Washegari fasto ya zo ya faɗi irin maganar da taushin murya, ya ce a bar gargaɗin ya zama na ruhu, kowa ya ɗauki abin da zai ɗauka. Ba wanda ya ce mini in yaudare ta. Ni na yanke wannan da kaina, don na san in aka tambaye ta ba za ta yarda a taɓa ko wasali ba.

Na sayo sabon littafi na kwafe komai, na tsallake shafi huɗu. Na bar maganar zaman tsaro da addu'a da ƙaunar maƙwabci. Na cire sunan ƙauyen, na cire geron da awakin da masallacin da hanyar Kusada. Da ta ce, "Karanto mini," sai na ɗauki tsohon na karanta mata duka, sabon yana ƙarƙashin cinyata. Ta saurara, ta gyara kalma biyu, ta ce, "Madalla. Allah shi yi miki albarka, ɗiyata." Na ce amin. Sabon na aika Kano.

Littafin ya fito bayan Ista. Matan zumunta suka yi babban taro a Kusada, suka aiko da mota a ɗauke ta don su karrama ta. Sakatariyarsu ta tashi ta karanta shi tun daga farko har ƙarshe. Ina zaune kusa da Mama. Da aka zo inda na tsallake, na ga yatsan nan ya ɗaga. Ya tsaya a sama, mai karatu ta ci gaba, ba wanda ya lura sai ni. Can ya sauka a hankali ya kwanta a gwiwarta. Mata suka yi guɗa, suka buga tulu da caki suka yi waƙa, aka yafa mata sabon zane. Ta yi godiya.

Da muka iso gida ta ce in shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiya.

"Mai bugawa ne, ko ke ce?"

"Ni ce, Mama."

"Mijinki ya sa ki?"

Na sunkuyar da kai.

"Ba ki yarda ba ne, ko tsoro kika ji?"

"Duka biyun."

Ta jinjina kai. "Na tsoron na gane shi, ni ma ina jinsa. Kina tsammani daɗi nake ji? Can aka binne cibiyata. Na rashin yarda kuma ba laifi ba ne, ni ba Allah ba ce. Da kin ce mini ba za ki rubuta ba, da na nemi wani. Amma ɗiyata, ni ba ni da ido. Kika zauna gabana kika karanta mini abin da ba shi za ki aika ba."

Na durƙusa ina kuka, na kama ƙafafunta. Ta bar ni na yi mai isata, sa'an nan ta ce, "Tashi. Gobe akwai aiki." Ba ta ƙara tada maganar ba, ba ta kuma canza mini fuska ba. Sai dai daga ranar, duk shafin da na rubuta sai ta aika an kirawo maƙwabciyarmu, wata Musulma mai ɗinki da ta yi karatun yaƙi da jahilci, ta sake karanta mata shi a gabana, tana bin layi da yatsa tana haɗa baƙi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma ban taɓa cewa ban cancanta ba.

Tun da littafi ya ƙi ɗauka, sai ta ɗauki maganar a baki. Ta samu wani magidanci ɗan acaɓa da yake kai ta Kusada ranar kasuwa, a zaunar da ita kusa da masu awon gyaɗa, duk wanda ya durƙusa gaishe ta sai ta faɗa masa. Ta je Kafinsoli, ta je Kunduru, ta je wurin mai unguwar ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu, ta shiga har rugar Fulani. Ran da babu makaranta nakan bi ta. Ba inda aka wulaƙanta ta. Za a saurara da ladabi, a ba ta goro ko ƙwan zabi, a rako mu bakin hanya. In mun juya sai in ji ana cewa, "Allah sarki, tsufa." Gida uku kaɗai suka tashi daga ƙauyen suka koma Kusada, aka yi ta musu dariya.

Damina ta zo ta yi kyau. Ta biyu ma haka, rumbuna suka cika. Aka gama majami'a. Ranar buɗewa Mama ta ce a kai ta. Ta tsaya bakin ƙofa ta shafa bango da tafin hannu.

"Wane launi aka shafa?"

Mijina ya ce, "Shuɗi, Mama."

"I. Haka na gan ta."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

Ta rasu a damina ta uku, da safe, bayan ta sha kunu. A ƙauyen aka binne ta. Majami'a ta cika, Musulmi suka tsaya a waje ƙarƙashin itatuwa, sun ma fi na ciki yawa. Fasto ya lissafo littattafanta ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi jariran da suka rayu saboda ita. Bai ambaci ɗaya maganar ba. Ni kaina, Allah ya gafarta mini, a ranar na ji wani sauƙi. Na ce a raina ta tafi ba ta ga an ƙaryata ta da yawa ba, ni kuma ashe ban yi ɓarna ba.

Shekara ta zagayo. Wata Asabar Bafulatanar da ta daɗe tana kawo mana nono ta yi sallama, na fito da kwano, sai na gan ta kai ba ƙwarya.

"Sallama na zo yi muku. An kore mana shanu ran Talata, da rana, muna kallo. Za mu bi dangi gabas." Ta leƙa tsakar gida. "Tsohuwar nan da ta je rugarmu fa?"

Na ce ai ta rasu bara.

Ta dubi ƙasa ta ce, "Ta faɗa mana."

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Aka fara ganin baƙi a bakin kasuwa, mutum uku a babur ɗaya, su sayi burodi da fetur, ba sa gaida kowa. Masu zuwa itace suka daina nisa. Ƙauyen maƙwabta ya watse a yini ɗaya. Na ɗauko tsohon littafin daga ƙasan akwati na ajiye gaban mijina, na roƙe shi da Allah ya bar gonar bayan rafi ta bana. Bai buɗe shi ba. Ya ce, "Malama, geron ya nuna. Aikin kwana uku ne. In na bar shi mi za mu ci?" Ran Litinin ya tafi, shi da ƙanensa da mutum uku.

Ana kiran azahar a masallacin unguwarmu wayata ta yi ƙara. Matar ƙanen ce, ba na jin komai sai ihu. 'Yan bindiga ne suka fito ta cikin rafi. Ƙanen ya ruga, suka harbe shi a bakin gona. Suka tafi da mijina da mutum biyu. Ɗaya ne ya tsira a cikin dawa ya kawo labari.

Washegari na hau babur zuwa ɗauko ta da yaranta. Tun kafin mu kai mararraba muka fara cin karo da masu gudun hijira. Mata da tabarmi da tukwane a ka, tsofaffi a amalanke, wani ya rungumo injin ɗinki. Kirista da Musulmi a cakuɗe, na san da yawansu, wasu na koyar da 'ya'yansu. Na yi ta duba ko wani zai waiwaya. Ɗan acaɓan da ya ɗauko ni shi ne wanda yake kai Mama kasuwa. Ya rage gudu, ya ce, "Malama, kin gani?" Na ce na gani. A Kusada mutane suka buɗe zaurukansu, ba wanda aka tambaya addininsa.

Mijina ya yi kwana arba'in da wani abu a daji. Yadda aka yi ya dawo ba zan rubuta shi nan ba. Ya dawo ƙafafu a kumbure, har yau ba ya zama sai yana fuskantar ƙofa, in babur ya wuce da gudu sai cokali ya faɗi daga hannunsa. Bai taɓa yi mini maganar shafukan nan ba. Sau ɗaya dai, ina shafa masa man zafi a ƙafa, ya ce ran da suka sako su ta gefen ƙauyen suka biyo. Ya ce ƙofar majami'a a buɗe take, ya leƙa. Bai ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba.

Na kai shafuka huɗun shagon kwamfuta aka buga mini, na rarraba, na kuma tashi a taron zumunta na faɗi abin da na yi da bakina. Wasu suka ce ko an buga ba mai tashi, tun da ta faɗa da baki ba a ji ba. Wataƙila haka ne. Amma mutanenmu suna girmama abin da ke rubuce, abin da ake karantawa ran Lahadi a gaban kowa, kuma na sani. Matar ƙanen mijina tana amsa gaisuwata, ba ta ƙara komai a kai. Ban ga laifinta ba.

Har yanzu ana karanta littattafan Mama, an ma sake buga na jarirai. Wasu kuma sun so su wuce gona da iri, suna zuwa neman ƙasar inda take zama wai don tsari. Nakan hana su. Da tana raye da sanda za ta kore su.

Kwanakin baya, da la'asar, aka yi sallama a ƙofar gida. Mai unguwar ƙauyen maƙwabta ne, wanda ta taɓa zuwa wurinsa. Yanzu a zauren wani ɗan'uwansa yake zaune nan Kankia, ya rame, rawanin ya yi masa yawa. Na shimfiɗa masa tabarma, muka gaisa, ya yi mini ta'aziyyar da ta wuce shekara biyu kamar jiya aka yi rasuwar.

"Malama, tambaya na zo yi. Baiwar Allah nan ta faɗi tashinmu. Ba ta faɗi komawarmu ba?"

Akwai abin da ta faɗa mini a makon da za ta rasu, ɗan gajere, bai cika shafi ba, mai ɗinki ta karanta mata shi ta tabbatar. Ban taɓa nuna wa kowa ba don ba wanda ya tambaya. Na shiga na ɗauko na karanta masa yadda yake. Ta ce an sake nuna mata ƙauyukan. An yanke gero an ɗaure dammuna, hayaƙi na tashi a gidaje, mata na jan ruwa da sabon guga, yara na wasa a dandali. Ta ce ta bi gida-gida tana sallama, ana amsa mata da fara'a, ana ba ta ruwa. Amma ba ta gane fuskar kowa ba, da ta faɗi sunan mahaifinta kuma ba wanda ya taɓa jinsa.

Tsohon ya murza carbinsa.

"Ƙara karanto mini."

Na ƙara.

"Ba ta ce yaushe ba?"

"Ba ta ce ba, Baba."

Ya nemi ruwa, na kawo masa ya sha. Ya dafa sandarsa ya miƙe da ƙyar, ya ce gobe zai turo mini uwargidansa in karanta mata da kaina, don kullum kayanta a ɗaure suke, in daga bakinsa ta ji ba za ta yarda ba.